Dutsen Gwaggo

Duk wadda ta taɓa gaisawa da Anti Kaushi hannu da hannu ba ta sake tambayar inda ta samo sunan. Tafin hannun nan in ya shafi sabon mayafi sai ya ja zare. Marigayi mijinta ne ya laƙaba mata da wasa, sunan ya bi ta har ya danne na gaskiya. Harshenta ma, a faɗi gaskiya, bai fi hannun laushi ba. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, amma in ta gaya maka magana ɗaya sai ka kwana uku kana juya ta.

Sana'arta kuwa, in aka faɗa wa mutum sai ya yi dariya tukuna: duwatsun ƙarya take ƙerawa. A gidan dabbobin garin akwai ɗakin masu jan ciki, inda ake ajiye macizai da guza da kunkuru da hawainiya a bayan gilashi. Dabbobin nan suna son dutse, su hau su sha ɗumi, su shige ƙarƙashi su ɓuya. Amma dutsen gaske nauyi gare shi. Yana fasa daɓe, ba ya ɗaguwa a wanke ƙarƙashinsa, in kuma ya gangaro ya danne dabba shi ke nan. Saboda haka ake neman wanda ido zai rantse dutse ne, alhali cikinsa kogo ne, mace ɗaya ma ta ɗaga shi. Shekara goma sha tara Kaushi ce ke yi musu.

A wurin mahaifinta ta koyi hannu. Shi mai filasta ne, irin masu yi wa rufin ɗakunan masu hali furanni. 'Ya'ya mata biyu ya haifa. Babbar ta taso tana kwaɓa masa filasta, ƙaramar, Auta, ta taso tana gudun ƙura. Da ya rasu bai bar wa babbar komai ba sai cokalin gini da sanin yadda ake ɗaukar siffar abu, ita kuwa ta kai sanin inda shi bai kai ba.

Da safe takan rataya jaka ta fita bayan gari, ta yi ta shafa duwatsu kamar mai zaɓen zane a kasuwa. In ta sami wanda fuskarsa ta yi mata, sai ta wanke shi da burushi, ta shafa masa ruwan roba, ya bushe ta sake shafawa, har sau goma, tana shimfiɗa bandeji a tsakani. In ta ɓare robar nan, duk wani tsagi da gurbi da ke jikin dutsen ya fito a jikinta. Fatar dutse take ce mata. Fatu arba'in da uku ta tara, kowace a rataye a ƙusarta a bangon shago, kowace ta san inda ta ɗauko ta.

A shago sai ta shimfiɗa fatar a kan tulin yashi, ta lanƙwasa ta yadda take so, ta zuba rezin, wani ruwa mai kauri kamar zuma, mai warin da ke hawa kai, wanda in aka ɗiga masa maganin daskarewa yake yin tauri. Ta bi bayansa da zaren gilashi don ƙarfi. Ba ta fenti. A cikin rezin ɗin take kwaɓa launi, jar ƙasa da toka da garin gawayi. In ta zare fatar, sai ta shafa wa fuskar dutsen wani rezin ɗan siriri, tun yana danƙo ta riƙa watsa masa yashi da hannu, iri uku, mai laushi da matsakaici da garin dutse. Ya yi sati uku a iska, ta wanke shi har warin ya mutu.

Daga nan sai gwajin safa. Ta zura hannunta cikin tsohuwar safar mijinta har gwiwar hannu, ta ɗora bakin safar a jikin dutsen, ta ja hannun a hankali. In safar ta zame ba ta kama ba, dutse ya yi santsi, a sake. In ta yage, ya yi kaifi, zai yanki dabba, a sake. In kuwa ta kama, ta riƙa naɗewa tana sauka har ta bar hannun a juye, to dutse ya yi. Haka maciji yake saɓa. Ya goga hancinsa a abu mai kaushi, tsohuwar fata ta kama, ya sulale ya bar ta. Kaushi ba ta taɓa zama ta yi wa kowa wannan bayani ba, don ba wanda ya taɓa tambaya. Masu leƙa shagon sun ɗauka kewar miji ce.

Dutsen da ta fi ji da shi, na farkon da ta yi, yana ɗakin Gwaggo. Gwaggo mesa ce tsohuwa, kaurinta ya kai cinyar ƙato. Baba Mai Macizai, dattijon da ke kula da ɗakin, shi ya sa mata sunan, wai haka ƙanwar ubansa take, ta wuni kwance tana kallon kowa ba ta ce uffan ba. Duk bayan wata biyu idanun Gwaggo su yi fari kamar an ɗiga madara, ta daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki ta nufi dutsen. Saɓar ta fita ɗungurungum daga leɓe har wutsiya, har da 'yan murafan ido biyu. Ai maciji ba ya ƙiftawa, wani siririn murfi ne a kan idonsa kamar farce, shi ma tare da saɓar yake fita. Baba ya shanya ta, ya ninke, ya kawo wa Kaushi har shago ya ce, "Ga takardar shedarki." Ko Gwaggo ta san ta, Allah masani. Amma dai in Kaushi ta tsaya a bakin gilashi, mesar takan ɗago kai ta juyo tana fito da harshe, ita kuwa ta ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?"

To, sai Injiniya. Mijin Auta ne. Tayil da fenti yake sayarwa, bai taɓa shiga ajin injiniyanci ko don fakewa daga ruwa ba. Ranar da ya sayi farar hular kwano, ranar ya zama Injiniya, kuma ko gidan biki ya je hular na kujerar gaba a motarsa. Mutum ne mai zaƙin baki, in ya ce "Yaya" sai ka ce ciki ɗaya suka fito. Ya taɓa tarar da ita tana gwajin safa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, yau kuma dutse ake yi wa tausa?"

Shekarar da za a gina sabon ɗakin masu jan ciki, Kaushi ta faɗo daga tsani a shago, ta karye a wuyan hannu da ƙugu. Wata huɗu tana kwance a gidan Auta. Injiniya ya karɓi makullin shago, wai zai riƙa leƙawa saboda ɓarayi. Ta yi masa godiya har da sa albarka.

Ranar da ta iya takawa da sanda ta buɗe shagon, ƙusoshi arba'in da uku ne suka kalle ta. Ba fata ko ɗaya. Ta koma gidan, ta same shi a falo yana danna waya, Auta na ninke wanki.

"Ina fatuna?"

"Au, Yaya, ai suna wurina. Na ga damshi zai lalata su."

"Damshi."

"Kuma aikin sabon ɗakin nan, na ga in aka tsaya jiranki bare za su kwashe. Na ce gara ya tsaya a gida. Ai ni da ke duk abu ɗaya ne."

"Me ka ce wa Daraktan gidan dabbobi?"

"Na ce jiki ya ƙi, kin damƙa mini komai. Ai ban yi ƙarya ba, Yaya, dubi hannun nan. Ke dai ki huta."

Ta juya. "Auta, kin sani?"

Auta ba ta ɗago ba. "Wallahi, Yaya, cewa ya yi zai gaya miki da kansa."

Wata huɗu yarinyar nan tana ba ta abinci a baki, tana cuɗa mata baya, amma wannan magana ɗaya ta gagare ta. Kaushi ta haɗa kayanta a leda biyu ta koma gidanta ran nan. Ta je wurin Darakta, sabon zuwa ne, bai san ta ba. Ya bar ta a benci har azahar, sannan ya ce an riga an sa hannu, maganar dangi kuma a je a sasanta a gida. Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya zauna mata a ƙirji, da shi take kwana da shi take tashi.

Ranar buɗe sabon ɗaki har kati Injiniya ya aiko mata, don cin fuska ya cika. Ta je. Ta zaga ta baya tukuna, don ta ƙi cunkoso, a nan kusa da juji ta ga dutsen Gwaggo an jefar, ya rabe biyu, ruwan sama ya taru a kogonsa. Ta tsaya ta kalle shi ta ƙoshi, sannan ta shiga.

Ɗakin ya yi kyau, ba za a hana shi ba. Fitilu, sabon gilashi, na'urar ɗumama iska. Duwatsu ko'ina, kuma duk daga fatunta aka zubo su, ta san kowane tsagi kamar yadda uwa ta san tabon ɗanta. A gefen hagu na gilashin Gwaggo an kafa allon tagulla ɗauke da sunan Injiniya da na kamfaninsa. Shi kuwa yana tsaye da farar hula yana jawabi. "Mun fitar da gidan nan daga zamanin kwaɓa-kwaɓa da hannu," in ji shi. Aka yi dariya, aka tafa. Har ya nuno ta ya ce ga yayarsa can, ita ma ta ɗan taɓa harkar a da.

A bakin ƙofa an ajiye wani dutse na ado, irin na cikin gilashin. Kaushi ta dafa shi don ƙugunta ya huta. Sai ta ji abin da ta ji. Ta sake shafawa. Ido na ganin tsagi da gurbi, amma hannu santsi yake ji kamar bayan faranti. Bai watsa yashi ba. Ya zuba rezin, ya yi fenti, ya bi da man sheƙi irin na tayil don ya fito a hoto. Ta leƙa cikin ɗakin Gwaggo, daga bango har daɓe duk haka yake, ba inda mesa za ta goga hanci fata ta kama. A karon farko cikin wata shida Kaushi ta yi murmushi.

Baba Mai Macizai na tsaye taku biyar daga inda take. Kalma ɗaya ce. Ta ce masa dutsen nan santsi gare shi, Gwaggo ba za ta iya saɓa ba, shi ke nan. Har ta buɗe baki. Sai ta hango yadda za a yi: Injiniya ya turo leburori biyu su karce duwatsun a yini ɗaya, ya ce shi ya gano matsalar, a ƙara tafa masa. Ta rufe bakinta. Ta ci alwashi sai abin ya fito fili, yadda makaho ma zai shafa ya ji, kuma a gaban mutanen da suka tafa. Ta san sarai a jikin wa zai fito. Ta ce a ranta Gwaggo mai ƙarfi ce, za ta jure.

Da yamma ta ɗauko mai amalanke ya kwaso mata rabi biyun nan daga juji. Ta haɗa su, ta ɗinke da zaren gilashi, ta sake watsa yashi da hannun da aka ce ya mutu. Safa ta naɗe ta sauka. Ta lulluɓe dutsen da buhu ta tura shi lungu.

Saɓar farko ta fita guntu-guntu kamar tsumma. Aka ce sauyin ɗaki ne. Ta biyu ta fi muni, rabi ya fita rabi ya manne, aka ce na'urar ɗumama iska ce ta busar da wurin. Likitan gidan yaro ne mai kirki, amma shanu da karnuka ya fi sani, ya ce a riƙa fesa ruwa, ya ba da maganin ƙarin kuzari. Ba wanda ya zargi duwatsun. Ta ina? Siffarsu ɗaya da na da, har sun fi kyau, Baba kuma da safar hannu mai kauri yake shiga ɗakin.

Kaushi ba ta yi fashi ba. Duk sati ta yanki tikiti kamar baƙuwa, ta tsaya a bakin gilashi. Ta ga Gwaggo na goga hanci a dutse, kan na zamewa, ta sake, ya zame, har leɓen ya yi ja. Abin yana taɓa ta, kada a ce ba ya taɓa ta. Amma da ta ɗaga ido ta ga allon tagullan nan sai zuciyar ta koma ta daskare. Ta ce, "Gwaggo, ki ƙara haƙuri, saura kaɗan."

Ta san ranar da take jira. Auta ce ta kawo mata labarin ba da saninta ba, ranar da ta zo ban haƙuri da kwanon abinci. Wai a wata na shida da buɗewa kwamiti zai zo daga hukuma ya duba aikin, in ya yi musu za a ba Injiniya aikin wurin kada da na kunkuru, har da wasu garuruwa. "Yaya, ki yafe masa, ko don yara." Kaushi ta ce, "Ni me ya yi mini? Allah Ya kai mu ranar." Ta mayar da kwanon yadda ya zo.

A wata na huɗu Baba Mai Macizai ya zo shago. Ya zauna a kan bokiti ya buɗe baƙar leda, ya zazzage guntayen saɓa a kan tebur.

"'Yar nan, dubi. Na tattara duka, na juya na juya, ban ga murafan ido ba. Sau biyu ke nan. Suna can a manne."

Ta ci gaba da tankaɗe yashi.

"Shekara ashirin da shida ina tare da ita. Yanzu in na shiga sai ta kai sara gefe, ba ta ganina da kyau. Ke kin san dabbobin nan. Ba abin da kika lura da shi?"

Dutsen Gwaggo na bayansa a ƙarƙashin buhu, in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Kaushi ta kalli dattijon nan ido cikin ido ta ce, "Ni ba likita ba ce, Baba. Ga Injiniya can, ku tambaye shi. Ni ai na ɗan taɓa harkar ne a da."

Ya tattara guntayen ya mayar a leda ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mata sallama da ladabi ya tafi.

Ranar kwamiti ta zo. Mutum bakwai, shugabarsu wata mata mai tabarau wadda ba ta dariya, ga 'yan jarida, ga Darakta, ga Auta ta ci ado. Injiniya na gaba da farar hula yana nuna wannan yana nuna wancan. Da suka nufo gilashin Gwaggo sai ya ƙara sauri, don mesar na kwance duk tsumma a jiki, kai ya yi fari fat. A nan suka tarar da Kaushi zaune a kan tsohon dutsen Gwaggo da ta gyara, ta sa an ajiye shi a tsakiyar hanya, sanda a gefe.

"Yaya, lafiya? Bari a kai ki ki zauna a ofis."

"Nan ma ya ishe ni, Injiniya. Tambaya ɗaya na zo yi, in koma. Yashi iri nawa ka watsa?"

"Yashi?" Ya kalli Darakta, ya yi 'yar dariya. "Yaya, ai wannan aikin zamani ne, ba gini ba ne."

"Madalla." Ta zaro safa daga jaka ta miƙa wa shugabar kwamiti. "Ranki ya daɗe, ki taimaka ki zura hannu. Nawa an ce ya mutu."

Matar ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi mesar, sannan ta karɓa. Kaushi ta sa aka jawo dutsen adon nan na bakin ƙofa. Matar ta ja hannu a kansa, safa ta zame sumul. Ta sake, ta zame. Kaushi ta tashi daga kan nata. Matar ta ja hannu sau ɗaya, safa ta kama, ta naɗe, ta sauka har 'yan yatsu ta faɗi a juye.

"Haka maciji yake cire fata," in ji Kaushi. "Wannan da aka jefar a juji, shekara goma sha tara baiwar Allah nan tana saɓa a kansa, ba ta taɓa barin ko ƙyalle ba. Waɗancan kuwa, ga su ga ta. Wata shida tana neman inda za ta goga hanci a ɗakin da aka yi mata da tayil."

Shugabar ta juya wurin Injiniya. Ta tambaye shi inda ya ɗauki siffar duwatsun, ya ce bayan gari. Ta ce wane wuri, ya ce wurare da yawa. Kaushi ta nuna tsagi ɗaya da sanda ta faɗi inda dutsensa yake da shekarar da ta ɗauko, ta nuna na biyu, ta nuna na uku, ta ce mota na waje in ana son a je a gani. Gumi ya riƙa gangarowa daga ƙarƙashin farar hula. Ya ce, "Yaya, don Allah," da wata 'yar murya. Ta ce, "Ke dai ki huta, haka ka ce mini. Na huta."

Kai, ta ji daɗi. Ba za a ɓoye ba, daɗin da ta ji ran nan ba ta ji irinsa ba tun rasuwar mijinta. Ta ga ya cire hular ya rasa inda zai ajiye ta. Ta ga Darakta na ba ta kujera da hannunsa. Ta ga Auta ta rufe fuska da mayafi ta fita, Kaushi ko a jikinta. Kafin la'asar an kwance allon tagulla. Kafin sati ya zagayo fatu arba'in da uku sun koma ƙusoshinsu, shi da kansa ya sauke su daga mota, ita tana zaune tana duba kowace a hasken rana, tana sa shi jira.

Kwamiti ya turo wata likita daga nesa wadda ta san macizai. Aka jiƙa Gwaggo a ruwan ɗumi, maza shida suka riƙe ta, Baba na riƙe da kai yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kaushi na tsaye a ƙofa. Likitar ta ɗaga murafai uku daga idon dama, ɗaya kan ɗaya, ido ya fito baƙi mai haske. Ta koma na hagu ta daɗe. Da ta ɗaga, sai ruwa mai wari ya biyo baya.

"Wannan ya tafi," in ji ta. "Ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashi ta cinye shi. Da wata biyu da suka wuce aka gane, da an cece shi."

Da aka watse, Baba ya wanke hannu ya zo ya tsaya kusa da Kaushi. Bai kalle ta ba.

"Tun yaushe kika sani?"

Tana iya cewa kwanan nan. Ba wanda zai ƙaryata ta. Amma ita ba ta iya wannan ba.

"Tun ranar buɗewa."

"Ranar da na zo da leda fa?"

"Dutsen na bayanka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage ta ba, bai yi mata Allah ya isa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ɗauki bokitinsa ya shiga wurin kunkuru.

Wata uku ta yi tana gyara ɗakin, dutse bayan dutse, tana kankare man sheƙi tana watsa yashi, safa na naɗewa tana sauka. Aikin ya yi kyau fiye da duk wanda ta taɓa yi. Injiniya ya koma tayil, an ce ko a mota ba a ƙara ganin hular ba. Auta ba ta sake zuwa ba, yaranta ma sun daina. Aka buga sabon allo da sunan Kaushi na gaskiya, aka kafa shi a ramukan ƙusoshin tsohon.

Saɓar da ta biyo baya ta fita ɗungurungum. Baba bai kawo ta shago ba. Ya bar ta a ninke a ofishin mai gadi, ya ce in ta zo a ba ta. Ta warware ta a nan bakin ƙofa, daga wutsiya har kai. A dama ga ɗan murfin nan mai haske kamar farce. A hagu fata ce a tamuƙe, ba komai.

Ta ninke ta ta sa a jaka, ta shiga ciki. Gwaggo na kwance a kan tsohon dutsenta, sabuwar fata na ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Kaushi ta tsaya a wurin allon, ta shafa harufan sunanta da yatsa, sannan ta matsa jikin gilashi.

"Gwaggo, an tashi lafiya?"

Allon a gefen hagu yake, ɓangaren idon da ya tafi. Ta ɗaga hannu, ta motsa shi, ta sake motsawa. Mesar ba ta juyo ba.